Garam Talatin da Ɗaya

Sandar sirdin ta zo daga Kwatano cikin kwalin takalma,
baƙa wuluk, da saƙa a jikinta
kamar tabarmar da ta kwana a marina.
Na ɗaga ta, hannuna ya zarce sama:
ya shirya wa nauyi, ya tarar da iska.
Kabon ce, in ji Ma'azu da ya aiko ta,
kar ka bari guduma ta gaishe ta.

Na kai wa Nomau a rumfarsa ta Mokoyo.
Shekara talatin yana jinyar kekunan masu ƙanƙara
da na masu kai burodi da asuba.
Ya ƙwanƙwasa ta da farce, ya kara a kunne.
"Wannan ba ƙarfe ba ce," ya ce.
"Gawayi ne ya yi karatu."

Na hau. Diddige kan feda,
sama kaɗan, ƙasa kaɗan,
har gwiwata ta bar gardama.
Ya naɗa tef a wurin, ya zare sandar.
Ashe abin da ke ɓuya a cikin keken ya fi taƙi guda,
baƙon da bai taɓa tuƙi ba
zai riƙa shan gumina daga nan har Madarunfa.

"Santimita goma za mu bar mata a ciki.
Itace da saiwa yake tsayuwa."
Ya auna. Ya sake aunawa.
Ya tafi ya yi la'asar, ya dawo ya auna,
don abin da zarto ya ci ba ya amayarwa.

Zarto mai ƙananan haƙora.
Ni ke ɗiga ruwa daga buta,
rawaninsa a kan hanci,
wai garinta ba ya shiri da huhu.
Bai danna ba. Yana ja, yana juya ta,
baƙin ruwa na bin yatsunsa kamar tawada.
"Ƙarfe in ka cuce shi sai ya lanƙwashe,
ya yi maka kashedi.
Wannan shiru za ta yi maka,
sai ranar da kake gangara."

Guntun ya faɗo ƙasa, ko ƙara bai yi ba.

Sanfefa a bakin yankan, har ya bar kama zare.
Jan farcen ƴarsa Baraka ya like gefen,
tana tsaye tana ƙirga ɗigon da aka ci mata.

Na ɗauki guntun na tsallaka titi
wurin Hajiya Tsahara mai ƴan kunne,
ita ce mai sikelin da ke jin numfashi.
Garam talatin da ɗaya.
Ta duba lambar, ta dube ni.
"Ƙuli-ƙuli uku ke nan.
Don wannan ka hana Nomau cin kasuwa tun azahar?"
Nomau bai ce komai ba.
Cikina kawai ya kalla,
inda furar safe ke zaune da ƙaton ludayinta.

Ya shafa man nan mai tsakuwa-tsakuwa,
ya zura sandar har bakin tef,
ya rufe ido ɗaya ya daidaita hancin sirdi.
Da yatsa biyu ya ɗaure noti,
riƙon ɗan tsako:
kar ya kuɓuce, kar ya mutu.
Ya karɓi jaka ɗaya, ya mayar mini da dala ashirin.

Washegari kafin rana ta yi ƙarfi
na kama hanyar Jiratawa.
Wallahi keken tashi yake.
Na wuce amalanke biyu,
na wuce wani yaro da ya ce mu yi tsere,
ina ta yi wa Hajiya dariya a zuci.

A bakin gonakin albasa na tsaya shan ruwa.
Na sa hannu a aljihu neman canji,
sai ga guntun nan, baƙi, da ɗuminsa,
tun daga Maraɗi yake tare da ni.